Kuwiri Mai Jan Ƙafa Saboda Fankshin: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Aiki da Rumbun Bayanai

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu rubuta manhaja a nan Abuja, musamman masu riƙe da manhajar kuɗin makaranta, da ta asibitoci masu zaman kansu, da ta adashen ma'aikata, da ta masu sana'ar POS. Kukan kusan iri ɗaya ne. An rubuta fankshin (ɗan guntun shiri mai suna da ake ajiyewa a rumbun bayanai a riƙa kira) don sauƙaƙa wani lissafi, an saka shi cikin kuwiri (umarnin SQL da ake aika wa rumbun), komai na tafiya lafiya, sai da bayanai suka taru rahoton da ke fita nan take ya koma sai an zauna jira. Yawancin misalan na PostgreSQL ne, masu SQL Server da MySQL da Oracle kuma tasu amsar na can ƙasa.

Idan na kira fankshin ɗin shi kaɗai, nan take yake ba ni amsa. To me ya sa kuwirin ke cin kusan minti biyu?

Domin ba sau ɗaya kuwirin ke kiransa ba. Duk layin da aka taɓa a tebur sai an kira shi. A ce kira ɗaya na cin milisakan 0.2, abin da ido ba zai gani ba, teburin biyan kuɗi kuma na da layi 500,000. Ninka ka gani: daƙiƙa 100 ke nan, tun ba a zo maganar jerawa ko haɗa tebura ba. A kwamfutarka da ka yi gwaji da layi 300 wannan nauyi ba zai bayyana ba, shi ya sa abin ke yi wa mutane ba-zata bayan manhaja ta shekara tana aiki.

Abin ya fi muni idan akwai SELECT a cikin fankshin ɗin, don kowane kira ya zama ƙaramin kuwiri mai zaman kansa. Kamar ka aiki yaro kasuwar Wuse ya sayo tumatir ya dawo, ka sake aikensa albasa, ya dawo ka sake aikensa gishiri, alhali da ka rubuta masa komai a takarda ɗaya da tafiya ɗaya ta wadatar. Sannan akwai illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Sashen da ke zaɓar wa kuwiri hanya, wanda zan riƙa kira mai tsari, ba ya ganin abin da ke cikin yawancin fankshin. Hasashe yake yi, kuma idan hasashen ya karkace, sauran kuwirin ma ya bi muguwar hanya.

Ta yaya zan tabbatar fankshin ne ke jawo jinkirin ba wani abu ba?

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka cire fankshin ɗin daga kuwirin, ka sa wata lamba a gurbinsa, ka sake aunawa. Idan minti biyu ya koma daƙiƙa ɗaya, ka gano inda gizo ke saƙar. Bayan haka sai ka sa `EXPLAIN ANALYZE` a gaban kuwirin, tare da zaɓin `BUFFERS`. Nemi inda aka rubuta `Seq Scan` (wato bin tebur kaf, layi bayan layi) da sunan fankshin ɗinka a layin `Filter`, ka duba adadin da ke gaban `Rows Removed by Filter`. Idan an zubar da layi dubu ɗari huɗu don a ba ka goma, to duk waɗanda aka zubar sai da aka kira musu fankshin. Ka kiyaye, `EXPLAIN ANALYZE` yana gudanar da kuwirin da gaske. Idan UPDATE ne ko DELETE, ka sa shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK.

Don sanin sau nawa aka kira shi, ka mayar da `track_functions` zuwa `all`, ka gudanar da kuwirin, sannan ka leƙa `pg_stat_user_functions`. Za ka ga yawan kira da jimillar lokaci. Don ganin kuwirin da ke ɓoye a cikin fankshin kuwa, `auto_explain` ne abokin aiki, amma sai ka kunna masa `log_nested_statements`.

Wata shawara: kada ka dogara da agogon da manhajar aika kuwiri irin pgAdmin ko DBeaver ke nuna maka idan sabarka na Turai kai kana Utako. Wannan lokaci ya haɗa da jigilar sakamako ta intanet. Lokacin da ke ƙasan `EXPLAIN ANALYZE` shi ne na sabar kanta.

Ina da indes a kan kolum ɗin. Me ya hana a yi amfani da shi?

Indes, wato jadawalin da rumbu ke dubawa don gano layi da sauri, yana ajiye abin da ke cikin kolum ne yadda yake, ba abin da fankshin zai mayar da shi ba. Ɗauki lambar waya. Wani ya shigar da ita da 0 a gaba, wani da +234, wani da 234 ba alama, wani ya saka tazara a tsakiya. Sai ka rubuta `gyara_lamba` don daidaita su, ka ce `WHERE gyara_lamba(waya) = '234…'`. Indes ɗin da ke kan `waya` bai san gyararriyar lambar ba, don haka dole a bi teburin kaf, layi bayan layi.

Mafita biyu ce. Ta farko, ka raba fankshin da kolum, ka mayar da shi ɗaya ɓangaren. Idan lambobin da ke tebur an riga an daidaita su tun wajen shigarwa, sai ka rubuta `WHERE waya = gyara_lamba(abin_da_aka_shigar)`, indes ya yi aikinsa. Haka ma kwanan wata: maimakon ka naɗe `lokacin_biya` cikin fankshin don ciro rana, ka ce `lokacin_biya >= '2025-03-01' AND lokacin_biya < '2025-03-02'`. Ta biyu, ka gina indes a kan sakamakon fankshin ɗin kansa, wanda bayaninsa ke zuwa bayan maganar IMMUTABLE, don ba ya yiwuwa sai an fahimce ta.

Mene ne VOLATILE da STABLE da IMMUTABLE, kuma me ya haɗa su da sauri?

Alkawari ne da kake yi wa PostgreSQL game da halin fankshin ɗinka. VOLATILE na nufin amsarsa na iya sauyawa a kowane kira, kamar `random()`, ko kuma yana rubuta wani abu a tebur. STABLE na nufin ba ya rubuta komai, kuma a cikin umarni ɗaya, idan aka ba shi abu ɗaya zai mayar da amsa ɗaya, ko da yana karanta tebur. IMMUTABLE na nufin amsarsa ta dogara kacokan ga abin da aka miƙa masa, yau da gobe da baɗi. Idan ba ka rubuta komai ba, VOLATILE ake ɗaukarsa, kuma a nan mutane da yawa ke asara ba su sani ba. Misalin `waya = gyara_lamba(...)` na amsar da ta gabata ba zai taɓa indes ba muddin fankshin ɗin VOLATILE ne, domin an ce wa rumbun amsar na iya sauyawa daga layi zuwa layi. `ALTER FUNCTION` guda ɗaya na iya warware wannan.

Amma kada ka ɗauka STABLE na nufin za a kira shi sau ɗaya a ajiye amsar. Izini ne kawai aka ba mai tsari, ba tilas ba. Idan ya zaɓi bin teburin kaf, yana iya kiran fankshin na STABLE a kowane layi. IMMUTABLE da aka miƙa wa tsayayyar ƙima shi ne ake lissafawa tun wajen tsara hanya. Shi ma idan kolum aka miƙa masa, kowane layi da kiransa.

To me zai hana in sa wa duka IMMUTABLE in huta?

Kada ka yi. PostgreSQL ba ya binciken gaskiyar abin da ka faɗa, yarda yake yi da kai, kuma ranar da ƙaryar za ta fito ba saƙon kuskure za ka gani ba, lissafi ne zai fita ba daidai ba. A watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A ce kana da fankshin da ke karanto wannan kaso daga tebur, ka kira shi IMMUTABLE, ka gina indes a kansa. Ranar da aka sauya kason, indes na riƙe da tsohon lissafi, fankshin na ba da sabo. Kuwiri ɗaya zai ba da amsa biyu, ya danganta da hanyar da aka bi. Ga manhajar da ke riƙe da kuɗin mutane, wannan ya fi jinkiri illa nesa ba kusa ba.

Duk fankshin da ke karanta tebur, ko agogo, ko saitin zama (wato session, haɗin manhaja da rumbu), bai wuce STABLE ba. Mayar da `timestamptz` zuwa `date` ma haka yake, don ya dogara ga yankin lokacin da aka saita. Sabar da ke kan UTC za ta jefa cinikin ƙarfe 12:30 na daren Abuja cikin jiya, tunda muna gaba da awa ɗaya. Idan ka ambaci yankin ƙarara da `AT TIME ZONE 'Africa/Lagos'`, PostgreSQL zai karɓe shi a indes. Na harajin kuwa, ka miƙa wa fankshin kason a matsayin abin shigarwa, sai ya zama IMMUTABLE na gaskiya.

Yaya ake gina indes a kan fankshin?

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne neman suna. Ma'aikaciyar karɓar kati a asibiti ta rubuta Ɗanladi, wata ta rubuta Danladi, wani allon rubutun ma ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka yi fankshin `saukake_suna` wanda cikinsa `lower(translate(suna, 'ƘƊƁƳƙɗɓƴ', 'KDBYkdby'))` ne kawai. Na sa manyan haruffan a cikin `translate` da gangan, domin a rumbun da aka kafa da saitin harshe na C, `lower` ba ya ƙanƙantar da Ƙ da Ɗ. Wannan fankshin IMMUTABLE ne ba ƙarya, don haka `CREATE INDEX CONCURRENTLY ON marasa_lafiya (saukake_suna(suna))` zai wuce. Kalmar CONCURRENTLY na hana a toshe masu shigar da bayanai yayin ginin, ko da yake ya fi ɗaukar lokaci.

Akwai sharuɗɗa. Abin da ke WHERE dole ya zo daidai da abin da aka gina indes a kai. Bayan ginin ka gudanar da `ANALYZE` a teburin, don a tara ƙididdiga kan sabon lissafin, wanda ke gyara hasashen mai tsari sosai. Idan neman farkon suna kake da LIKE, kuma saitin harshenka ba C ba ne, sai ka ƙara `text_pattern_ops`. Idan tsakiyar suna ne, `pg_trgm` kake buƙata.

Abin da aka fi mantawa: duk ranar da ka sauya cikin fankshin ɗin, ko da harafi ɗaya ka ƙara, sai ka yi REINDEX. Rumbun ba zai tuna maka ba, tsofaffin layuka za su zauna da tsohon lissafi.

An ce in mayar da fankshin ɗina daga plpgsql zuwa sql. Bambancin me?

Fankshin na `plpgsql`, harshen PostgreSQL mai IF da LOOP, rufaffe ne ga mai tsari, kullum kiransa ake yi. Na `LANGUAGE sql` kuwa, idan ya cika sharuɗɗa, ana narkar da shi cikin kuwirin, wato a ɗauke sunansa a dasa cikinsa a wurin, kamar da hannu ka rubuta. Kira ya ɓace, mai tsari ya ga komai. Da yawa daga fankshin da na gani an rubuta da plpgsql ba su wuce IF biyu da RETURN ba, abin da CASE guda zai ɗauke.

Sharuɗɗan na da tsauri. Cikinsa ya zama SELECT ɗaya tak. Kada ya zama SECURITY DEFINER, kada ya ɗauki SET, har da `SET search_path` da ake yawan liƙawa. Mai mayar da ƙima ɗaya ba a narkar da shi idan yana da FROM ko ƙaramin kuwiri a ciki. Mai mayar da tebur kuwa yana iya karanta tebura, amma sai ya zama STABLE ko IMMUTABLE, kuma ba STRICT ba. Sannan idan ka kira shi IMMUTABLE alhali cikinsa na da abin da bai kai haka ba, narkarwar ta fasa, wani dalilin ke nan na barin ƙaryar da aka yi magana a sama. Hanyar tabbatarwa ita ce `EXPLAIN VERBOSE`: idan har yanzu kana ganin sunan fankshin ɗin, ba a narkar ba. Kuma na sql da ya ƙi narkewa wani lokaci ya fi na plpgsql nauyi, don haka ka auna kafin ka yi murna.

Fankshin ɗina na lissafa bashin kowane ɗalibi daga tebura biyu. Babu abin da ke sama da ya dace da shi. Ya zan yi?

Wannan shi ne nau'in da ya fi yawa, kuma maganinsa sake rubuta kuwirin da JOIN. Maimakon `SELECT suna, bashin_dalibi(id) FROM dalibai`, wanda ke shiga teburin kuɗin da aka ɗora da na wanda aka biya sau ɗaya ga kowane ɗalibi, ka tara kowane tebur da `SUM` da `GROUP BY` a ƙaramin kuwirinsa, sannan ka haɗa su da teburin ɗalibai ta LEFT JOIN. Kowane tebur sau ɗaya za a karanta. A ganina babu gyaran da ya kai wannan riba a duk shafin nan, kuma shi ne mutane suka fi gudu saboda yana buƙatar a zauna a fahimci lissafin.

Na san abin da za ka ce: an yi fankshin ne don lissafin bashi ya zauna wuri ɗaya, kada kowa ya rubuta nasa. Hujja ce mai kyau, kuma ba sai ka rasa ta ba. Zuba sabon kuwirin cikin VIEW, wato kuwirin da aka ajiye da suna ake karantawa kamar tebur, kowa ya riƙa karantawa daga nan. Tsohon fankshin ya ci gaba da aiki a shafin da ke nuna ɗalibi ɗaya, inda ba ya cutar da kowa.

Kafin duk wannan, duba abu ɗaya mai arha: akwai indes a kan `dalibi_id` a teburin biya? PostgreSQL ba ya gina indes da kansa a kan kolum mai nuni zuwa wani tebur, saɓanin InnoDB na MySQL. Idan babu, kowane kira na bin teburin biya kaf, kuma indes ɗin nan kaɗai na iya rage ciwon sosai.

Wanda ya rubuta fankshin ɗin ya bar aiki, oga kuma ya ce kada a taɓa shi. Akwai abin da zan iya daga waje?

Akwai: rage yawan kiran. Tace tukuna, kira daga baya. Idan layi 50 shafin ke nunawa, ka ciro 50 ɗin a ƙaramin kuwiri mai ORDER BY da LIMIT, sannan ka kira fankshin a kuwirin waje. Idan fankshin ɗin na ɗaukar abin da ke maimaituwa, misali farashin dala na rana, kada ka kira shi ga ciniki miliyan biyu alhali ranakun shekara 365 ne. Ciro ranakun da DISTINCT, kira shi a kansu, ka haɗa sakamakon da teburin ciniki. Tun daga PostgreSQL 12 ana iya narkar da WITH cikin babban kuwiri, don haka ka rubuta `AS MATERIALIZED` idan kana so a lissafa shi sau ɗaya a ajiye.

Duba kuma ko kana kiransa fiye da sau ɗaya a layi, a SELECT da kuma WHERE. Rubutun `(fankshin(x)).*` ma tarko ne, yana iya kiran fankshin sau ɗaya ga kowane kolum da ya mayar. Sa shi a FROM da LATERAL. Wanda kuma bai dogara ga layi ba sam, irin mai ciro wanda ya shiga manhaja ko zangon karatun da ake ciki, ka naɗe shi haka: `(SELECT zangon_yanzu())`. Za a lissafa sau ɗaya a matsayin InitPlan.

COST da ROWS da PARALLEL SAFE fa, suna da amfani?

Suna da shi, amma gyaran gefe ne. Fankshin da ba na C ba ana ba shi COST 100 idan ba ka faɗa ba. Ɗaga shi na sa a fara gwada sharuɗɗan WHERE masu arha kafin a iso gare shi. ROWS na masu mayar da layuka ne, ana ɗaukar 1000, don haka idan naka uku yake mayarwa ka faɗa, JOIN ɗin da ke biye zai samu hanya mafi dacewa. PARALLEL kuwa ya zo da PostgreSQL 9.6 a 2016, kuma duk fankshin da ka rubuta ana ɗaukarsa UNSAFE, wanda ke hana a raba aikin kuwirin gaba ɗaya tsakanin cibiyoyin sarrafawa (CPU) da yawa. Idan lissafi kawai yake yi ko karatu, ba ya rubutu, ba ya taɓa teburin wucin gadi, ka sa masa PARALLEL SAFE.

Ba zai fi ba in ajiye sakamakon a tebur kawai?

Sau da yawa ya fi, musamman abin da ake rubutawa sau ɗaya a karanta sau dubu, kamar gyararriyar lambar waya. Daga PostgreSQL 12 na 2019 akwai `GENERATED ALWAYS AS ... STORED`, kolum da ke lissafa kansa wajen shigarwa. Sharaɗinsa irin na indes ne: lissafin IMMUTABLE, kuma daga layin kansa kawai. Ƙara shi ga babban tebur na sake rubuta teburin duka tare da kulle shi, don haka aikin dare ne, ba na ranar Litinin da iyaye ke layin biyan kuɗi ba.

Ga rahoton da ba dole ya zama na wannan daƙiƙar ba, irin wanda shugaban makaranta ke dubawa da safe, MATERIALIZED VIEW, wato ajiyayyen sakamakon kuwiri, ya wadatar. A sabunta shi da dare, kuma idan kana so a ci gaba da karantawa yayin sabuntawa, `REFRESH ... CONCURRENTLY` na buƙatar indes na UNIQUE a kansa. Ajiye jimillar bashi da tiriga (fankshin da ke tashi da kansa idan an sauya tebur) kuwa ina jan kunne a kai. Yana aiki, amma duk hanyar da kuɗi ke shiga ko fita sai ta bi ta kansa, kuma sai ka tanadi kuwirin da zai riƙa tantance jimillar lokaci-lokaci.

Jiya yana gudu, yau yana rarrafe, ban taɓa komai ba. Me ya faru?

Fara da ƙididdiga. Idan an loda bayanai masu yawa, misali ɗaliban sabon zango, gudanar da `ANALYZE` ka sake gwadawa. Idan ba shi ba ne, to wataƙila ajiyayyen tsari ne. Kuwirin da ke cikin plpgsql ana tsara masa hanya ta musamman a gudu biyar na farko a kowane zama, daga nan rumbun na iya komawa hanya ɗaya ta kowa da kowa. A manhajar da makarantu da yawa ke zaune a tebur ɗaya, wata na da layi ɗari biyu wata dubu ɗari biyu, hanyar da ta dace da ƙaramar na iya kashe babbar. `ALTER FUNCTION ... SET plan_cache_mode = force_custom_plan` na magance wannan daga siga ta 12 zuwa sama. `auto_explain` da aka ambata a amsar aunawa shi zai nuna maka hanyar da aka bi.

Duba nau'in abin shigarwa ma. Idan kolum `bigint` ne, fankshin kuma `numeric` yake karɓa, kolum ɗin ake juyawa don su dace, indes ya tashi a banza.

Mu SQL Server muke amfani da shi a ofis. Maganar ɗaya ce?

Ciwon ɗaya ne, har ya fi tsanani a tsofaffin sigogi. Fankshin mai mayar da ƙima ɗaya na gudana layi-layi, yana hana raba aiki, kuma `SET STATISTICS IO` ba ya nuna karatun da ya yi a ciki, sai kuwirin ya yi kama da mara nauyi. `sys.dm_exec_function_stats`, wanda ya zo a sigar 2016, shi ke faɗin gaskiya. SQL Server 2019 ya kawo narkar da irin waɗannan fankshin kai tsaye, amma sai matakin dacewar rumbun (compatibility level) ya kai 150. Rumbun da aka ɗauko daga tsohuwar saba na zuwa da tsohon matakinsa, kuma wannan na faruwa a ofisoshi da yawa ba a lura ba. Kolum ɗin `is_inlineable` a `sys.sql_modules` zai gaya maka ko naka ya cancanta. Mai WHILE ko GETDATE a ciki bai cancanta ba.

Hanyar da ke aiki a kowace siga ita ce ka mayar da shi `RETURNS TABLE AS RETURN` mai SELECT ɗaya, ka kira shi da CROSS APPLY ko OUTER APPLY. Ka bambance shi da mai BEGIN da END da ke cika teburin wucin gadi, wanda kafin sigar 2014 ake hasashen layi 1 zai mayar, a sigogin 2014 da 2016 kuma 100, ko da dubu nawa ne a zahiri.

MySQL da Oracle fa?

A MySQL, fankshin da ba ka rubuta wa DETERMINISTIC ba ana ɗaukarsa mai sauyawa, kuma a WHERE za a kira shi kowane layi ko da tsayayyar ƙima ka ba shi. Mutane kan liƙa kalmar don kawai su tsallake kuskure mai lamba 1418 wajen ƙirƙira, ba tare da ta zama gaskiya ba. Gargaɗin IMMUTABLE ya hau kansu su ma. MySQL ba ya narkar da fankshin ɗinka, kuma ba ya karɓarsa a kolum mai lissafa kansa ko a indes na lissafi da ya zo a 8.0.13, sai ka rubuta lissafin da nasa fankshin na asali. `EXPLAIN ANALYZE` ya fara daga 8.0.18. Rajistar kuwiri masu jinkiri kuma daga daƙiƙa 10 take fara kamawa, ka rage `long_query_time`.

A Oracle nauyin na zuwa ne daga kai-komo tsakanin injin SQL da na PL/SQL. `PRAGMA UDF` na sigar 12c na rage shi, `RESULT_CACHE` na 11g na ajiye amsoshi, indes a kan fankshin kuma sai da DETERMINISTIC.

Oga ya ce a ƙara wa sabar ƙarfi kawai. Ba zai wadatar ba?

Da wuya. Kuwirin da fankshin ya hana raba aiki a kan cibiyar sarrafawa ɗaya yake gudu, ko da sabar na da 32, sauran na zaune. Ƙarin RAM na taimakawa ne idan `BUFFERS` ya nuna ana yawan karatu daga faifai. Idan kusan duka `hit` ne, bayanan na cikin RAM tun da farko. Ga shi kuɗin saba a waje da dala ake biya duk wata, gyaran kuwiri kuwa aikin yini ne. Kai wa oga lambobi biyu, yawan kira da jimillar lokacinsu, sun fi dogon bayani shiga.

In kwashe lissafin in mayar cikin Laravel ko Django?

Idan za ka ciro bayanan da kuwiri ɗaya ka yi lissafin a manhaja, babu laifi, musamman abin da ya shafi ƙawata rubutu kamar saka alamar naira da waƙafi. Idan kuwa za ka zagaya layuka kana aika kuwiri ga kowanne, ka maimaita matsalar tambaya ta farko ne, ka ƙara mata tafiyar waya tsakanin manhaja da rumbu. Tacewa da tarawa su zauna a rumbu.

Na sake rubutawa, ya yi sauri. Ta yaya zan san amsar ba ta sauya ba?

Kada ka saki sai ka gwada a kwafin bayanan gaske. Gudanar da tsohon kuwiri `EXCEPT ALL` sabon, sannan sabon `EXCEPT ALL` tsohon. Wannan na fitar da layukan da ke na farko amma babu su a na biyu, don haka duka biyun su dawo babu layi ko ɗaya. Wurare uku aka fi samun saɓani. Ɗalibin da bai taɓa biya ba: tsohon fankshin na iya ba shi 0, LEFT JOIN kuwa NULL zai ba shi sai ka sa COALESCE, JOIN na kai tsaye ma ɓatar da shi zai yi daga rahoton, alhali shi ne aka fi nema. Na biyu, haɗa teburin kuɗin da aka ɗora da na biya kafin a tara kowanne, wanda ke ninka layuka ya kumbura jimilla. Na uku, kwabo: idan tsohon na zagaye kowane ciniki sannan ya tara, sabon kuma ya tara sannan ya zagaye, za a samu bambancin da akanta zai gani ko kai ba ka gani ba.

Wajen auna saurin kuma, gudanar da kowanne fiye da sau ɗaya, don gudun farko na ɗauko bayanai daga faifai, na biyu na samunsu a RAM. Gwada da makaranta mafi girma da mafi ƙanƙanta, da watan da aka fi ciniki. Ka bar tsohon fankshin a wurinsa har rahoton ƙarshen wata ya fita da sabon kuwirin, akanta ya sa hannu.